Mabiyan Da Ba Sa Amsa Sallama

Shafi na 19

Masu aiko min da "Anti shiru muka ji" tun gari bai gama wayewa ba, duk na gan ku. Wata har cewa ta yi ta jiƙa wanki amma ba za ta taɓa shi ba sai ta ga ci gaba. Baiwar Allah ki je ki yi wankinki, kar mai gidanki ya zo yana kama sunana. To ga shi nan, kowa ya gyara zama.

*

Kwana uku kenan Mai Labule ba ta da murya.

Ba mura ba ce. Gaisuwa ce ta cinye mata maƙoshi.

Shekara bakwai tana da ɗabi'a guda a shafinta na sayar da labule. Duk wanda ya danna ya bi ta, sai ta aika masa saƙon murya da bakinta: "Barka da zuwa, na ga shigowarki, ya gida, ya yara?" A haka ta tara mutum dubu ɗaya da ɗari uku, ɗaya bayan ɗaya. Ta san mai taga huɗu a falo. Ta san wadda mijinta ba ya son jan yadi. Ta san wadda kyanwarta ke hawa labule tana yaga mata ƙasa.

Ranar Litinin kawai ta wayi gari ta tarar da mabiya dubu arba'in da ɗoriya.

Da wata ce, da guɗa za ta yi. Ita kuwa kujera ta ja ta zauna, ta ce baƙi sun zo mata, ba za ta bar su a tsaye ba. Ta kama gaisuwa. Sai da ta gaida ɗari huɗu da wani abu kafin muryar ta ɗauke, kuma wallahi ko mutum ɗaya bai ce mata "yauwa" ba.

Yau Alhamis. Yau ne wakiliyar kamfanin nan mai manhajar auna taga za ta zo da takarda, a sa hannu, Mai Labule ta fara yi musu talla a shafinta.

Tana zaune bayan teburin yanka, kofin ruwan ɗumi a gefe, tana ƙoƙarin tura gaisuwa ta gaba da muryar da ta koma kamar ta tsohon zakara, ƙanwarta Auta ta faɗo shagon ko sallamar kirki babu.

"Yaya, ajiye wayar nan."

"Saura mutum dubu talatin da tara."

"Na ce ki ajiye! Ba mutane ba ne."

Mai Labule ta ɗago.

"Aljanu ne?"

"Gara aljanu, su ai suna amsawa."

Auta ta ture yadin da ke kan tebur, ta ajiye tata wayar, ta shiga jan allo da yatsa.

"Kalli wannan. Sunansa baƙi biyar da lamba tara. Uwar wa ta haifi ɗa ta sa masa lamba tara? Kalli wannan kuma, hoton jirgin ruwa. Wannan ma jirgin ruwa. Wannan ma. Na ƙirga sittin da biyu, duk jirgi ɗaya. Ba su taɓa sa hoto ba, ba su taɓa cewa uffan ba, kuma duk rana ɗaya aka buɗe su."

"To me ya kawo su wurina?"

"Sayo su aka yi, Yaya. Wani ya biya, inji ya ƙyanƙyashe su, aka zubo miki."

Mai Labule ta zuba wa allon ido.

"Kuma mutanenki sun fara magana," in ji Auta a hankali. "Duba ƙarƙashin hoton labulen jiya."

Ta duba. Ga shi nan ɓaro-ɓaro. Wata ta rubuta: "Ikon Allah, Anti Labule daga dubu ɗaya zuwa arba'in a kwana guda?" Wata ta amsa mata: "Ashe ita ma ta shiga layi." Ta ukun ce ta fi ƙona mata rai, domin matar ta saya wurinta sau biyar: "In lambar mabiya ƙarya ce, to awon yadin fa?"

Jama'a, ku ce wa Mai Labule labulenta ya yi tsada, za ta yi dariya ta ba ku ruwa. Ku ce kalarsa ba ta yi ba, za ta canza muku. Amma a taɓa awonta? Matar da ke mayar wa mutum da ƙyallen da ya yi saura, a naɗe a leda, ko da bai kai tafin hannu ba?

Ta kife wayar. Ta zuba wa Auta ido.

"Ke ce."

"Ni?!"

"Wa ya shekara yana ce min shafina ya tsaya wuri ɗaya kamar motar da ta mutu? Wa ya ce kowa saye yake yi, ni kaɗai ce baƙauya? Wa ke da lambar sirrina?"

"Na faɗa! Ban musa ba, da bakina na faɗa. Amma kika ce a'a, na bari."

"Ke kin taɓa barin abu don na ce a'a? Tun kina rarrafe?"

"Yaya, ki ji tsoron Allah. Wannan ba ya buƙatar lambar sirri. Ko mai wucewa a titi, in dai ya san sunan shafin, zai iya zubo miki su. Kuma da ni ce, dubu arba'in zan sayo a kwana ɗaya? Ai kin san na fi haka wayo. Ɗari-ɗari zan riƙa sakowa, ke kanki ba za ki gane ba."

Duk da ɓacin ran da take ciki, sai da Mai Labule ta kusa yin dariya. Gaskiya ce. Ko ɓarna Auta za ta yi, da tsari take yin abarta.

"To waye?"

"Mai labulen bakin kasuwa?"

"Wannan ko katin waya sai ta yi kwana biyu tana shawara. Ba za ta kashe min ko sisi ba, ko don ta ɓata ni."

Suna cikin haka suka ji ƙarar jan katako a ƙofar shago. Ƙiiii. Ƙiiii.

Baba ne.

Tsohon tela, mahaifinsu, wanda ya ajiye keke shekara shida da suka wuce saboda idanu. Yau ya sha babbar rigarsa mai ruwan toka, wadda ba ya sawa sai da dalili, hula ta zauna daram, yana jan dogon benci da hannu ɗaya, sandarsa a ɗaya. Wannan ne benci na uku da ya jera a gaban shagon tun Talata.

"Baba, don Allah bayanka!" in ji Auta.

"Bayana lafiyarsa ƙalau. Uwata, fito ki gani, ko in matsar da shi inuwa?"

Haka yake kiran Mai Labule tun tana zanin goyo.

"Baba, benci kuma na mene ne?"

"Ji wata magana. Mutum dubu arba'in, in suka fara zuwa a ina za su zauna? A kan kaina?" Ya gyara wuyan riga. "Jiya na gaya wa mai kanti, na gaya wa mai faci, har direban da ya kawo ni sai da na gaya masa. Na ce 'yata ce. Dubu arba'in! Ni da na yi shekara arba'in a kan keke, duka masu kawo min ɗinki ba su cika ɗari biyu ba."

Auta ta buɗe baki. Mai Labule ta taka mata ƙafa.

"Sannu Baba. Ka zauna ka huta, baƙuwa na tafe."

"Ai saboda ita na yi shiga."

Ya zauna a bencinsa, dab da ƙofa, yana gaida duk wanda ya gifta kamar mai karɓar baƙi a ɗaurin aure.

"Ba za ki gaya masa ba?" Auta ta raɗa.

"Ki bar shi ya yi farin cikinsa na yau."

Ƙarfe sha ɗaya daidai Wakiliya ta iso. Doguwa, gilashi a fuska, jakar kwamfuta a kafaɗa, turarenta ya riga ta shigowa. Baba ya miƙe tsaye ya gaishe ta har sau biyu. Ta shiga ciki, Auta ta share mata kujera, ta buɗe kwamfuta a kan teburin yanka, tsakanin almakashi da alli.

"Hajiya, kin gwada manhajar tamu?"

"Sati biyu ina gwada ta."

"Ya kika gan ta?"

"Tana da kyau. Taga talatin na auna da ita, na sake aunawa da tef. Ashirin da bakwai ta faɗa daidai. Uku ta yi kuskure, duk masu lanƙwasa a sama. In rana ta haske gilashi ma tana ɗan ruɗewa."

"Wannan ba sai kin faɗa a talla ba."

"Zan faɗa. In mace ta yanka yadi a kan awon ƙarya, ni za ta kira, ba ku ba."

Wakiliya ta yi murmushi irin na wadda ta saba da masu taurin kai.

"Za mu duba. Ga takardar. Ki sa hannu nan da nan."

Mai Labule ta ja takardar. Ba ta karanta abu da sauri, bin sa take yi da yatsa, layi-layi. A layi na huɗu yatsan ya tsaya.

"Nan an rubuta shafi mai mabiya dubu arba'in da ɗaya."

"Haka yake."

"Ba haka yake ba."

Auta ta runtse ido.

"Mutanena dubu ɗaya da ɗari uku ne," in ji Mai Labule, muryar na fita da ƙyar. "Sauran na bogi ne. Wani ya sayo su ya zuba min, ban san ko waye ba. Yau da safe na sani, shi ya sa nake gaya miki kafin biro ya taɓa takarda."

Ta zaci matar za ta zabura. Ta zaci za ta rufe kwamfuta ta kama hanya.

Dariya Wakiliya ta yi. Har da cire gilashi.

"Hajiya, ai mun sani."

"Kun me?"

"Tun ranar Talata. Muna da abin da ke tantance mabiya, minti biyu yake ɗauka." Ta juyo da allon. Wata da'ira ce, kusan duk ja, sai ɗan siririn kore a gefe. "Koren nan su ne naki."

"Kun sani, kuma kika ɗauko takarda kika zo?"

"Wata uku ina so in kawo ki cikin tafiyar nan. Mutanenki kaɗan ne amma suna jin maganarki. In kika ce a sayi abu, saye ake yi. Matsalar ita ce ƙa'idar shugabanmu: ƙasa da dubu ashirin ba ya ko kallon shafi. Shi lamba yake so ya gani a allo ranar taro. Yanzu ga lamba ta samu. Ke kin huta, ni na huta, shi ya ji daɗi. Wa aka cuta?"

"Shi. Da mutanena. Da ni."

"Kowa haka yake yi, Hajiya."

"Ni ba kowa ba ce."

Ta ɗauki biron, ta miƙa wa Wakiliya ta gindinsa.

"Soke layin nan. Rubuta dubu ɗaya da ɗari uku, in sa miki hannu yanzu."

"Ba zai wuce ba."

"To kar ya wuce."

"Yaya," in ji Auta, "ki tuna injin ɗinkin nan babba da kike so. Ki tuna shagon gefe da kika ce za ki haɗe. Da wannan aikin fa kika dogara."

"Na tuna."

"Ba ke kika sayo su ba! Laifin wa za ki ɗauka?"

"In na sa hannu a kansu, na saye su kenan."

Nan fa abin ya taso mata. Kwana uku na gaisuwar banza, maganar matar nan a kan awo, dariyar Wakiliya, duk suka haɗu mata. Ta miƙe tsaye, ta buga tebur har allin ya yi tsalle.

"Shekara bakwai! Shekara bakwai ina gina sunana, ban taɓa cin ɗan yatsa ɗaya na yadin wani ba. Rana ɗaya wani mara tsoron Allah ya zo ya watsa min ƙasa a ido. Ko waye shi, ko a ina yake, wallahi ban yafe ba, Allah ya i..."

"Kar ki ƙarasa, Uwata."

Duk suka juya.

Baba ne tsaye a bakin ƙofa, ya dafa sandarsa da hannu biyu. Ba su san tun yaushe yake nan ba.

"Kar ki ƙarasa. In kika ƙarasa, a kaina za ta sauka."

Kun san yadda ƙafa ke yi in mutum ya taka matakalar da babu ita? Haka Mai Labule ta ji. Ta koma kan kujera ba tare da ta yi niyya ba.

"Baba..."

"Ni ne."

"Kai? Baba kai da ko saƙo sai an karanta maka?" in ji Auta.

Ya shigo a hankali. Bai zauna ba.

"Sati uku da suka wuce ina nan waje, na ji kuna magana. Kika ce kamfani na son ki amma mutanenki ba su kai ba, sai dubu ashirin. Na ji yadda kika faɗe shi. Kika yi dariya, amma ni na haife ki, na san dariyar." Ya gyara riƙon sandarsa. "Sai na je wurin mai gyaran waya na kan kwana. Na ce masa, yaro, ya ake samun mutane a wayar nan? Ya ce shi yana da su, ko nawa nake so."

"Innalillahi," in ji Auta.

"Na ce masa ba tarkace nake so ba. Mutanen kirki, masu gida, masu taga. Ya ce duk masu taga ne. Na ce to dubu ashirin aka ce, amma ka ninka. 'Yata ba za ta shiga wuri a kan iyakar ƙa'ida ba, kamar wadda aka yi wa alfarma."

"Da me ka biya shi, Baba?"

Ya ɗan ɗaga kai. Ko a wannan hali sai da alfaharin telan ya motsa.

"Ɗinki na yi masa. Kala uku. Na sauko da kekena daga saman kwaba, na sa masa mai. Kwana goma sha biyu ina yi, da rana tsaka, a bakin taga inda haske ya fi. Zaren ne kawai ke ba ni wuya, sai na yi ta lalube kafin ya shiga allura. Amma ku je ku ga wuyan rigunan. Ko yanzu babu yaron da zai fitar da irinsa a layin nan."

Sai yanzu Mai Labule ta lura da yatsunsa. Filasta biyu, ɗaya a babban yatsa, ɗaya a manuni. Ta gan su tun makon jiya, ya ce mata ƙofa ce ta datse shi.

Hawaye ya cika mata ido. Ba ta san na mene ne ba, na takaici ko na tausayi, ko na wani abu mai kama da alfahari. Wannan tsohon, da idon da ba ya ganin lambar mota, ya koma kan keke saboda ita.

"To yanzu ku fahimtar da ni," in ji Baba. "Na ji kina cewa na bogi. Ba su da kirki ne? Ba sa saye?"

"Ba mutane ba ne, Baba."

"To su waye?"

"Ba kowa."

"Ba kowa har dubu arba'in?"

"Suna ne kawai da hoto. Inji ke yin su. Babu mai numfashi ko ɗaya a ciki."

Ya juya ya kalli Wakiliya, kamar ita ce za ta ƙaryata. Ta sunkuyar da kai tana gyara gilashi.

"Kenan ba mai zuwa."

"Babu, Baba."

"Gaisuwar nan da kika yi ta yi har muryarki ta tafi..."

Ya girgiza kai.

"Ina zaune a waje ina jin ki, ina cewa a raina, kai, yarinyar nan ta iya karɓar baƙi." Muryarsa ta karye. "Ashe ni na sa ki gaida bango."

Ya lalubi kujerar keken ɗinki ya zauna. Babbar rigar nan ta yi masa yawa lokaci ɗaya.

Wakiliya ta yi gyaran murya. A gaskiya ba muguwa ba ce, ita ma jikinta ya yi sanyi.

"Hajiya, kin ga yanzu magana ta zama ta cikin gida. Babu wanda ya yi da mugun nufi. Ki sa hannu, a rufa wa Baba asiri, bayan wata biyu mu share su a hankali. Ba wanda zai sani."

"Ko kuma mu share su yau," in ji Auta da sauri, "mu rubuta cewa matsala ce daga intanet. Yana faruwa ai. Kowa zai yarda."

Mai Labule ta share ido da gefen mayafi. Ta kalli ɗaya, ta kalli ɗaya.

"Ke kin ce in yi ƙarya da biro. Ke kuma kin ce in yi da baki. Duk ɗaya ne."

"To me za ki yi?"

"Kawo min abin ɗora wayar nan."

"Yaya, a'a."

"Kai-tsaye zan shiga. Mutanena sun yi tambaya, da bakina zan ba su amsa."

"Da wannan muryar?"

"Da ita. Su ji abin da ya same ta."

Wakiliya ta miƙe.

"Hajiya, in kika faɗa a bainar jama'a, hannuna ya fita. Shugaba zai gani. Aikin nan ya tashi kenan."

"Ya tashi lafiya. Manhajarku dai tana da kyau, ban da taga mai lanƙwasa. Wannan kyauta na ba ki."

Ta gyara ɗaurin ɗankwali. Ta ja kujera gaban labulen nan ruwan zuma da ta fi ji da shi, ta zauna ta miƙe baya kamar mai shirin ɗaukar hoton fasfo. Auta ta kafa wayar, ta danna.

Mutum tara. Ashirin da shida. Saba'in.

Wakiliya ta rataya jakarta, ta kai bakin ƙofa, amma ba ta fita ba.

"Salamu alaikum, mutanena," in ji Mai Labule. "Ku yi haƙuri da muryar. Na ga tambayarku, kuma kuna da gaskiya da kuka yi ta."

Ɗari da hamsin. Ɗari biyu da goma.

"Mabiyan nan dubu arba'in da kuka gani, na bogi ne. Sayo su aka yi. Ban sani ba sai yau, amma a shafina suke, don haka ba zan ce ba ruwana ba. Yau ɗin nan zan fara share su, ko zai kai ni wata guda. Akwai aikin talla da aka kawo min saboda su, ga takardar nan, ban sa hannu ba, kuma ba zan sa ba. Ku dubu ɗaya da ɗari uku kun ishe ni. Da ku na fara, kuma ban taɓa jin kunyar yawanku ba."

Saƙonni suka fara gudu a ƙasan allo. Tana ganinsu da wutsiyar ido.

"Wanda ya yi, na san shi yanzu. Ba maƙiyi ba ne. Ƙauna ce ta sa shi, aka cuce shi. Ba zan faɗi sunansa ba, yau ko gobe. Duk mai jin haushi, ni zai ji wa."

Ta duba saƙonnin tana karantawa. Fuskarta ba ta motsa ba, amma hannunta ya damƙe gefen kujera.

Baba ba ya ganin rubutun waya. Fuskar 'yarsa kuwa ko a duhu yana karanta ta.

"Auta, me suke cewa?"

"Addu'a suke yi, Baba."

"Ban haifi maƙaryaciya ba. Karanta min."

Auta ta kalli yayarta. Mai Labule ta girgiza mata kai kaɗan.

"Na ce ki karanta!"

Auta ta matso da bakinta kusa da kunnensa, hawaye na zuba.

"Wasu sun ce Allah ya ƙara rufa asiri. Wata ta ce... ta ce wane ne wannan mai ƙaunar da ba shi da suna. Wata ta ce an kama ta ne shi ya sa ta ƙirƙiro wani. Wata ta ce ita ce dai ta saya, kowa ya san..."

"Ya isa."

Ya dafa sanda ya miƙe. Ya kakkaɓe gaban rigarsa, ya gyara hula ta zauna daidai, ya tako har gaban labulen.

Mai Labule ta kai hannu za ta kashe wayar. Ya riƙe mata wuyan hannu da yatsun nan masu filasta.

"Baba don Allah," ta raɗa. "Mutum ɗari huɗu ne ke kallo. Mai kanti na ciki, 'ya'yan abokanka na ciki. Dariya za su yi maka har ƙarshen rayuwarka."

"Su yi."

"Na roƙe ka, ka bar min. Zan iya ɗauka."

"Na san za ki iya. Tashi min a kujerar."

"Baba..."

"Sunan nan da suke taunawa, ni na sa miki shi. Ni na ɓata shi, ni zan wanke shi. Tashi."

Ta tashi.

Ya zauna, ya jingine sandar a gwiwa, ya matso da fuskarsa har hularsa ta cika allon.

"Auta, ta wace huda suke ganina?"

Ta nuna masa.

Ya kalli hudar ido cikin ido, ya ɗaga yatsunsa biyu masu filasta.

"Jama'a, salamu alaikum. Ni ne uban yarinyar nan. Ku bar ta, ku zo gare ni."